Ranar da Shugaba Ba Ya Nan

Ranar Alhamis, kafin hantsi ya ɗaga, karar dabbobi ta kasuwar Shinkafi ta cika. Ga shanu, ga tumaki da awaki, ga raƙuma can gefe. Masu sayarwa sun fito daga ƙauyuka da rugage har da ƙetaren iyakar Nijar, masu saye kuma na jiran a yi musu lodi zuwa Kudu. Dillali ya ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ja mai dabba, har a kai ga sallamawa. Ana cikin haka sai wani ya ɓullo ya kama igiyar wani sa, ya rantse nasa ne da aka kore masa. Nan take wuri ya hautsine. Abin da aka saba shi ne a nufi shugabannin kara. Babban cikinsu zai tambaya: wa ya kawo san, wane dillali ya tsaya masa, a gidan wa baƙon ya sauka? In ya ce a ɗaure dabbar sai an gama bincike, ɗaurewa za a yi, alhali ba shi da bindiga, ba shi da gidan yari.

Me ya sa ake jin maganarsa? Wannan tambayar ce ɗaliban kasuwanci da gudanarwa ke karantawa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Sai dai su da sunayen Turawa ake ba su ita, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa. Abin takaici ne karatun ya tsaya a nan, domin duk abin da masanan suka daɗe suna gardama a kansa yana nan a fili tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi: a fada, a gona, a tasha, a asibiti, har a ɗakin uwar adashe.

Ra'ayin da ya fi daɗewa shi ne shugabanci a jini yake. A 1841 marubucin Birtaniya Thomas Carlyle ya fitar da laccocinsa a kan gwaraza, yana ganin manyan mutane ƙalilan ne ke juya tarihi, sauran jama'a bin baya suke yi. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunan Kaura Namoda kansa sunan gwarzo ne. Namoda jarumi ne daga Fulanin Alibawa, yana cikin jagororin yaƙin da suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kaura kuwa sarautar yaƙi ce a ƙasar Hausa. A Zurmi ma danginsa Alibawa ne suka riƙe sarautar Sarkin Zamfara. Amma wanda ya bi tarihin yaƙin da kyau zai ga an sha kai wa Alƙalawa hari ana komowa ba nasara. Ta faɗi ne da rundunoni suka haɗu, ta Muhammadu Bello, ta Aliyu Jedo, ta Namoda da ta Katsinawa ƙarƙashin Umaru Dallaji. Jarumtaka tana nan tun farko. Abin da ya ƙaru a 1808 shi ne an samu wanda ya iya tara jaruman wuri ɗaya.

A 1948 wani masani ɗan Amurka, Ralph Stogdill, ya tattara bincike sama da 100 da aka yi ana neman halayen da suka raba shugaba da mabiyi, irin su tsayi, kaifin basira, iya magana da ƙarfin hali. Ya tarar babu wani jerin halaye da ke ba mutum shugabanci a ko'ina. Wanda ya yi fice a nan yana iya zama ɗan kallo a can. Hakan bai kashe maganar hali ba. Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin Turawa a Arewa da ya koma malamin jami'a, ya wallafa nazari a 1974 kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk da haka, kusan kowane gari ya san wani mutumin kirki da aka ba riƙon ƙungiya ta watse a hannunsa, saboda kunya ta hana shi tambayar ma'aji ina kuɗin jama'a suka shiga.

Daga nan masana suka bar tambayar wane ne shugaba, suka koma kan me yake yi. Gwajin da ya fi kowanne suna shi ne na Kurt Lewin, Bayahuden Jamus da ya yi hijira zuwa Amurka a 1933. Shi da abokan aikinsa biyu, Ronald Lippitt da Ralph White, sun tara yara maza 'yan kimanin shekara 10 a Jami'ar Iowa, suka kasa su ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu bayan an tashi daga makaranta. Kowace ƙungiya da babban da ke kula da ita. Wani babban shi ke yanke komai: kai yi kaza, kai zauna da wane, ba tambaya. Wani ya zauna da yaran a tsara aiki tare, a raba, yana sa baki yana gyarawa. Na uku ya ajiye musu kayan aiki ya koma gefe, sai in an tambaye shi. Aka riƙa sauya wa yaran shugabanni don a tabbatar salon ne ke aiki, ba halin yaran ba. A 1939 suka fitar da sakamako.

Ƙarƙashin mai kama-karya an yi aiki sosai, muddin yana tsaye. Da ya fita daga ɗakin sai hannuwa su yi sanyi. Wasu ƙungiyoyin kuma suka koma cin zalin junansu, a samu yaro ɗaya a huce haushi a kansa, wasu suka yi laƙwas ba mai ko motsin kirki. Ƙarƙashin wanda ya sakar musu ragama, aikin ya fi na kowa lalacewa. Yaran mai shawara kuwa, ko ya fita aiki na tafiya, kuma da aka tambaye su kusan dukansu shi suka fi so.

Wannan fitar da babban ya yi daga ɗaki ita ce ma'aunin da ya fi dacewa da arewacin Zamfara a yau.

A duba gandu. Maigida ne ke cewa ga gonar da za a shuka gero, ga ta dawa, ga ranar da za a fara noman farko. Shi ke riƙe da rumbu, shi ke da alhakin ci da sha da auren fari na 'ya'yansa. Amma al'ada ta tanadi gayauna, 'yar gonar da ake yanka wa ɗa ya noma wa kansa a ranakun da ba na gandu ba. A gayauna yaro ke koyon lissafin iri da taki, ya yi kuskure ya ji a jikinsa. Maigidan da ya ba da gayauna da zuciya ɗaya, yana kuma tura babban ɗansa kasuwar Kaura ya sayar da gyaɗa ya dawo ya ba da bayani, ranar da ciwo ya kwantar da shi gona ba ta kwana. Wanda kuwa ko mudu ɗaya ba a ɗiba sai ya kwance makulli daga ƙugunsa, yakan bar 'ya'ya masu gemu da ba su taɓa yanke shawarar komai ba. Irin wannan gandun ne kan tarwatse tun ba a yi sadakar arba'in ba.

Jihar ta ga wannan gwaji a zahiri. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, bayan an rufe kasuwannin mako-mako, an hana fitar da dabbobi da sayar da fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. An yi makonni ba kira ba saƙo. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa haɗarin hanya ya sa manya da yawa sun fi zama a Gusau suna juya aiki ta waya. Rana ɗaya wayar ta zama ƙarfe. Ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauyen Zurmi, ga mai naƙuda a gabanta, ba ta da wanda za ta kira ta ce, “Yallaɓai, me za a yi?” Inda aka saba barin na ƙasa ya yi amfani da hankalinsa, akwai abin da za a kama. Inda aka hore shi da cewa komai sai an ji daga sama, ba abin da ya rage masa sai jira, kuma jira a irin wannan hali yana iya cin rai.

Douglas McGregor, a 1960, ya ce tushen abin yana cikin zuciyar shugaba. Akwai mai ɗaukar ma'aikaci a matsayin rago da ba ya aiki sai da bulala, akwai mai ganin mutum yana son aikinsa ya yi kyau in an ba shi dama. Ya kira su ra'ayin X da ra'ayin Y. Shugaban makarantar da ke jan layi da jan biro a rajistar malamai da ƙarfe takwas daidai, amma bai taɓa tambayar malamin da ke zuwa daga ƙauye yadda hanya ta kwana ba, ya riga ya zaɓi nasa ra'ayin ko bai san sunansa ba. Malaman kuma za su ba shi abin da ya nema: sa hannu a kan lokaci, ba ƙari.

Akwai wata tambayar da ta riga salo, wato daga ina ikon ya fito. Masanin Jamus Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa halaccin mulki gida uku: na gado da al'ada, na kwarjinin mutum, da na doka da ofis. A Kaura Namoda ukun suna zaune unguwa ɗaya. Ga fadar Sarkin Kiyawa. Ga malamin da in ya yi magana bayan sallar asuba gari ke ɗauka, ba don an naɗa shi komai ba. Ga shugaban ƙaramar hukuma da shugaban kwaleji, waɗanda ikonsu ke cikin takarda kuma yana da wa'adi. Wannan na ukun ya kafu a garin tun 1929, da layin dogo ya iso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Kaura. Jirgin ya zo da agogo, da akawu, da sikelin awon gyaɗa da auduga, da ma'aikacin da ake yi wa biyayya saboda kujerarsa ko ba a san ubansa ba. Wasu kan haɗa fiye da ɗaya. Marigayi Umaru Shinkafi ɗan sanda ne kuma lauya, ya shugabanci hukumar tsaron ƙasa ta NSO daga 1979 zuwa 1983, amma a bakin jama'a Marafan Sakkwato ne.

Idan ukun suka tafi tare gari yana samun sauƙi. Idan suka rabu, talaka ke shan wuya. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe sarkin Zurmi da na Ɗansadau bayan binciken wani kwamiti kan zargin alaƙa da 'yan bindiga, abin da ya nuna a takarda ikon doka ne a sama. Amma har gobe wanda aka kwashe wa shanu fada yake fara zuwa. Labarin 'yan sa-kai ya fi ciwo. Mutane ne da suka tashi kare garuruwansu lokacin da hukuma ta yi nisa, jagororinsu sun samu mabiya ne da ƙarfin zuciya. Kwarjini ba shi da linzami. An zargi wasunsu da kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, har a cikin kasuwanni, ramuwar gayya kuma ta ƙara hura wutar. Ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024, da kaki da horo da kwamanda, yunƙuri ne na mayar da wannan ƙarfin ƙarƙashin doka, ɗaya daga cikin hanyoyin da Weber ya ce kwarjini kan bi in zai ɗore.

Kada a ɗauka shawara ce maganin komai. Fred Fiedler a 1967, sannan Paul Hersey da Ken Blanchard a 1969, sun nuna salon da ya dace ya danganta da halin da ake ciki da kuma wanda ake jagoranta. Kowane tela a Shinkafi ya san wannan. Yaron da aka kawo jiya guga da sa maɓalli ake ba shi, ana tsaye a kansa. Bayan shekara a bar shi ya ɗinka wando ana dubawa. Wanda ya ƙware kuwa a miƙa masa shadda mai tsada da almakashi a fita. Ogan da ya ci gaba da tsayawa a kan ƙwararre zai rasa shi, wanda ya ba sabon yaro almakashi zai biya kuɗin shadda. Haka daren da aka ji harbi a bakin gari ba daren taro ba ne, murya ɗaya ake so ta ce mata da yara su bi ta nan. Matsalar ita ce shugabannin da suka ɗanɗana wannan muryar a lokacin tashin hankali suka ƙi sauke ta, har rabon taki ma da tsawa suke yin sa. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take.

A 1978 masanin tarihi James MacGregor Burns ya raba shugabancin ba-ni-in-ba-ka da shugabancin da ke ɗaga mabiya su zama fiye da yadda aka same su. Na farkon ba laifi ba ne, albashi ma ciniki ne. Amma duk wanda ya ga yadda buhun shinkafa da atamfa ke yawo gab da zaɓe ya san iyakarsa: biyayyar tana ƙarewa ranar da buhun ya ƙare. Robert Greenleaf, wanda ya yi kusan shekara 40 a kamfanin waya na AT&T, ya zo da batun shugaba mai hidima a 1970, ya ce a auna shugaba da ci gaban waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ƙasar Hausa ta riga shi. Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina littafin Usulus Siyasa mai ginshiƙai bakwai, kuma cikin abin da ya ɗora wa shugaba har da tausasa wa jama'a, zama da masu ba shi shawarar gaskiya, ƙarfafa masu sana'a, da kula da kasuwanni da hanyoyi. Hausawa kuma suka taƙaita da cewa babba juji ne.

Misali mafi kusa shi ne uwar adashe. Ba ta da ofis, ba ta da hatimi. Tana bi gida-gida ko ta aika yarinya karɓar zubi, ta san wadda mijinta ke kwance, ta lallashi mai kwasar wannan makon ta yi haƙuri a ba wadda za ta aurar da 'ya. Wani lokaci ta cike giɓi daga ɗaurin zanenta don kada adashe ya mutu. Ranar da aka kama ta da ha'inci sau ɗaya, shi ke nan. A sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwa da suka cika da baƙi a Kaura da Shinkafi, irin waɗannan matan ne ke riƙe da tukwane da yawa, kuma ba a cika kiran su shugabanni ba.

Sai babban aikin, wato mutum ya gane nasa salon. A nan al'ada ba ta taimaka sosai. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, sannan girmamawa ta hana na ƙasa buɗe baki. Duk wanda ya samu kujera, ko ta shugaban 'yan acaɓa ce, zai samu masu ce masa “ranka shi daɗe, ai sai abin da ka ce.” Yana fita su ce wani abu dabam. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya yi ta nanata wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa haɗarin shugaba ya ɓuya daga talakawansa. Ɓuyar zamani ba sai da zaure bakwai ba, fadawa uku da gilashin mota mai duhu sun isa.

Manyan kamfanoni sun nemi mafita da takardar da ake raba wa na sama da abokan aiki da na ƙasa, kowa ya faɗi yadda yake ganin shugaban ba tare da ya sa suna ba. Makarantar firamare ko ƙungiyar manoma za ta iya yin haka da fallen takarda da kwali, sai dai a ƙaramin wuri ana gane rubutun hannu, kuma shugaban da ya fara binciken wa ya rubuta kaza ya kashe abin har abada. Akwai shaidun da ba sa buƙatar kowa ya yi magana. Mutum ya tuna yaushe rabon da wani na ƙasa da shi ya kawo masa mummunan labari da bakinsa, da abin da ya yi wa mai kawowar. Ya tuna taron ƙarshe, wa ya fi kowa magana, kuma ko an tashi da wata shawara da ba ita ya shigo da ita ba. Ya duba rabon ƙarshe da ya yi, na taki ko na aikin kwana ko na zuwa bita, ya ƙirga nawa ne 'yan garinsu da surukansa. Ya ƙirga mutum nawa suka bar hannunsa suka tsaya da ƙafarsu, kuma ko suna dawowa gaishe shi. Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah zai san ko shi mai kama-karya ne da ke kiran kansa mai tsari, ko mai sakaci ne da ke kiran kansa mai haƙuri. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin jama'a na yabon sa.

Gwajin Lewin kuma kowa na iya maimaita shi. A ce shugaban makaranta ne a Zurmi, aiki ya kai shi Gusau kwana uku. Kafin ya tafi ya kira mataimakinsa ya ce, “Malam, ga makaranta nan,” ya kuma daure bai buga waya ba. In ya dawo, ya ƙirga abubuwan da aka yanke ba shi da waɗanda aka ajiye suna jiran sa. Wani zai tarar famfon da ya lalace an gyara, an rubuta kuɗin a littafi, mataimakin na tsaye yana satar kallon fuskarsa ko za a yi faɗa. Wani zai tarar da famfon yadda ya lalace, yara na zuwa rijiyar maƙwabta da bokiti, kuɗin gyaran na cikin durowa, makullin durowar kuwa ya kwana uku a aljihunsa a Gusau.